Farfelar Yamaha mai taku 11 a kan injin doki 40: abin da na gani a ruwan Yauri

Idan jirginka na katako ne, injinka Yamaha Enduro mai doki 40, sana'arka kuma kai mutane cin kasuwa da kayansu, to farfelar da zan ce ka nema ita ce wadda aka buga wa 11 5/8 x 11-G a jiki. Na san mai lamba 13 ce ta cika bakin ruwanmu, ita ce kuma mai shago zai fara miƙo maka tun kafin ka rufe baki. Amma na ga damina da rani da mai 11 ɗin nan a tafkin Kainji, tsakanin Yauri, Zamare, Rofiya da Wara, don haka ina da abin faɗi a kanta, har da inda ba za ta yi wa wani rana ba.

Jirgina ba babba ba ne. Tsawonsa bai wuce mita 9 ba, sai dai katakonsa mai kauri ne, kuma duk wanda ya san jirgin katako ya san kullum ƙara shan ruwa yake yi yana ƙara nauyi. Ranar kasuwa nakan ɗauki mutum goma sha biyu, da buhunan albasa ko na shinkafa shanshera, wani lokaci da babur a kwance a tsakiya. Injin E40X ne, mai silinda biyu, irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai. Na hannu na saye shi, da farfela 11 1/8 x 13-G a ƙafarsa. In babu kaya, lafiya lau yake tafiya. Da zarar an yi lodi sai murya ta canza: ka murɗe totur har ƙarshe, shi kuwa sai gurnani yake yi daga ciki, hayaƙi ya yi yawa, jirgi na jan jiki. Ka kwance fulogi ka gan shi baƙi ƙirin, a jiƙe. A tasha kowa da nasa fassarar. Wannan ya ce kafireto ne, wancan ya ce ringi ya mutu, wani ya rantse man bumburutu ne ya cuce ni.

Wani dattijon bakanike da ya daɗe yana gyara wa masunta injuna shi ne ya raba gardamar, ba tare da ya kwance ko noti ɗaya ba. Yana da wani ɗan agogon auna juyin inji a minti, bai kai kwalin ashana biyu ba, mai siririyar waya. Ya naɗe wayar a jikin wayar fulogi, ya tayar da inji, ya ga agogon na nuna wajen 1,000 a tsaye, ya ce ya saitu daidai. Sannan ya shiga cikin fasinja ya zauna a baya kusa da ni. Da muka fita sarari ya ce, "Yaro, ba shi wuta duka." Na ba shi. Agogo ya hau, ya zo wajen 4,250 ya tsaya cak.

"Baba, lafiya?" na tambaye shi.

"Injinka lafiyarsa ƙalau. Farfelar ce ta fi ƙarfinsa da wannan kayan."

Kamfanin Yamaha ya rubuta a littafin wannan injin cewa idan aka buɗe totur duka, juyinsa ya kamata ya tsaya tsakanin 4,500 da 5,500 a minti ɗaya. A cikin wannan tazarar ne dokin nan 40 da ka biya kuɗinsu suke fitowa. Injin da ya maƙale a ƙasa da haka yana shan mai kamar mai cikakken gudu, ƙarfin kuwa bai fito ba, zafi da nauyi suna sauka a kan fistin da karanshaf. Kamar ka ɗora wa babur buhu biyu ne ka tunkari hawan tudu da giya huɗu. Bambancin kawai, injin jirgi ba shi da giyar da za ka sauko, gaba ce da firi da ribas. Farfelar da ka ɗaura ita ce giyarka tun daga tashi har sauka.

Lambobin da ke jikinta ba ado ba ne. Ta farko faɗinta ne da inci, wato da'irar da fikafikanta ke zagayawa. Ta biyu ita ce taku: nisan da za ta ci gaba a juyi ɗaya da a ce ruwa ba ya zamewa. Harafin ƙarshe kuma yana nuna dangin injin da take shiga. Mai G tana da haƙora 13 a cikin raminta, ita ce ta masu doki 40 da maƙwabtansu. Ta doki 15 J ce, haƙora 8. Ta 25 da 30 F ce, haƙora 10. Ta manyan nan 75 da 85 kuwa K ce, haƙora 15. Don haka kafin a zo maganar taku, sai sandar da ke juya farfela a injinka ta shiga ramin tukuna.

Ga wani lissafi da bakaniken ya yi mini a ƙasa da tsinke, wanda har yau nake maimaita wa abokan sana'a. Giyar ƙafar E40X tana raba juyin inji biyu ne: inji ya juya 5,000, farfela ta juya 2,500. Taku 13 kusan santimita 33 ke nan a kowane juyi, wato gudun da ya doshi kilomita 50 a awa. Wane jirgin katako ne da albasa a ciki yake wannan gudun? Babu. Abin da ya rage duka dakan ruwa take yi, tana neman ƙarfin da injin ba shi da shi. Mai taku 11 tana neman kusan kilomita 42 ne a wannan juyin. Har yanzu jirgina ba zai kai can ba, amma tazarar ta ragu, injin ya samu sararin numfashi. Abin da masu wannan aiki suka sani shi ne duk inci ɗaya da ka rage a taku yana ƙara wa inji juyi 150 zuwa 200. Ni ina bukatar ƙarin kusan 300 don in shiga tazarar da kamfani ya rubuta, inci biyu ke nan.

Sayenta ya ɗan ba ni wahala, don ba kowane shago ke ajiye ta ba. Mai shagon da na saba da shi ya fito da 13 har kala uku ya jera mini a kan kanta. Na ce 11 nake so. Ya dube ni ya ce, "Haba Malam, 11 ai ta masu yashi ce. Yara za su riƙa wuce ka a ruwa suna ɗaga maka hannu." Na ce, "Alhaji, su wuce, Allah ya kiyaye hanya. A samo mini dai, kuma ta kamfani." A gaskiya bai yi mini wasa ba. Ya yi waya Legas, ta iso cikin kayansa na gaba, a kwalinta, ya kuma yarda in na gwada ba ta yi ba, matuƙar ban buga ta a komai ba, zai musanya mini. Wannan sharaɗin ya fi mini ragin kuɗi, kuma ina ba kowa shawara ya nema kafin ya biya. Farashi dai dala yake bi, abin da na biya jiya ba shi za ka biya gobe ba. Abin da zan iya cewa, ta kusa ninka kuɗin marasa sunan nan da ake zubawa a buhu.

Na ɗora su gefe da gefe a kan kantar, ta kamfanin da mara sunan, dukkansu farare, daga nesa ba ka raba su. A hannu ne magana ke fitowa. Ta kamfanin, ka bi bakin fiffike da yatsa ka ji shi sumul, siriri, kaurinsa na ƙaruwa a hankali zuwa gindi. Ɗayar kuwa bakin a dakushe yake, fenti ya taru a wasu wurare, akwai 'yan ramuka ƙanana kamar na ƙuraje inda zubin bai cika ba. Na kifa kowacce a kan gilashin kanta na auna tsayin bakin kowane fiffike daga gilashin da tsinken ashana. Ta kamfanin duka ukun daidai suke. Ɗayar, guda ya fi 'yan'uwansa tashi da kusan kaurin tsinken. Wannan ɗan bambancin shi ne karkarwar da kake ji a hannun totur, kuma shi ne yake cin boris da robar da ke tare man giya a hankali. Ba duk wadda ba ta Yamaha ba ce jabu, a yi adalci. Akwai kamfanin Solas na ƙasar Taiwan da ke yin farfelar alminiyom mai suna Amita, da lambarta da sunanta a jiki, ana kuma samun mai shiga wannan injin. Wadda nake gudu ita ce wadda ba wanda ya yarda ya sa sunansa a kanta.

Ɗaurawa ba ta bukatar bakanike, amma tana bukatar natsuwa. Na cire hulunan fulogi duka biyu, na sa giya a firi, na ɗaga ƙafar injin. Na miƙe fin ɗin da ke hana noti kwancewa na zare shi, na sa guntun katako tsakanin fiffike da farantin da ke samansa don kada ta juya, sannan na kwance noti. Da tsohuwar ta fito sai ga abin da ke bayanta: zaren ragar masunta ya naɗe sandar, ya narke ya zama wani zobe mai tauri, ya fara shiga ƙarƙashin roba. A ruwan da ko'ina raga ce da ƙugiya, wannan ba abin mamaki ba ne, amma in ya yanka robar, ruwa zai shiga man giya ya mayar da shi fari kamar nono, daga nan sai sayen giya. Na yanke shi da reza, na goge sandar, na shafa giris. Akwai wata wosha mai kauri da ke zama a bayan farfela, ita ke ɗaukar turin duka. Idan ta maƙale a jikin tsohuwar farfela ka manta da ita, sabuwar za ta ci bakin ƙafar inji. Na mayar da ita, na zura sabuwa, wosha ta gaba, noti, sabon fin. Kada a mayar da tsohon fin, kuma kada a sa ƙusa a madadinsa, ko da kuwa kowa na yi.

Da lodin da na saba, agogo ya tashi daga wajen 4,250 zuwa wajen 4,600. Murya ta washe, gurnanin nan ya tafi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gudu. Na zaci zai ragu, sai manhajar auna gudu da ke wayata ta nuna ya ɗan ƙaru, daga kusan kilomita 21 a awa zuwa 23 ko 24, gwargwadon iska da inda ruwa ya nufa. Tashi daga tasha ma ya canza. Da sai jirgi ya yi ta tunani kafin ya motsa, yanzu da na murɗa yake amsawa. Wanda ya taɓa juya jirgi mai kaya a mashigar Rofiya lokacin da ruwa ya cika yana gudu, ko ya ga hadari ya taso daga gabas yana tsakiyar tafki, ya san darajar injin da ke amsawa nan take. Ribas ma ta fi kamawa, saboda faɗinta ya fi na tsohuwar da rabin inci, don haka shiga tsakanin jirage a tasha ya yi mini sauƙi.

Maganar mai kuwa, tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ita ce maganar kowa. A nan sai a yi hankali da masu cika baki. Farfela ba ta mayar da injin nan mai tsimi, Enduro 40 mashayi ne tun asali. In ka buɗe totur duka, zai sha abin da zai sha. Ribar tana wani wuri ne: gudun da da sai na murɗe duka nake samu, yanzu ina samunsa da kusan kashi uku cikin huɗu na totur. A nan nake barin hannuna. Jarkar da take kai ni Wara ta dawo da ni a ƙafe, yanzu nakan tarar da saura a gindinta. Fulogi kuma ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ya bushe, na daina yawo da buroshin goge shi a aljihu.

Inda ba ta burge ba shi ne jirgi fayau. In na sauke kaya zan dawo ni da yarona kaɗai, agogo yana kaiwa wajen 5,300, gudun kuma bai kai na tsohuwar ba. Mai shago bai yi ƙarya ba, yara suna wuce ni. Mai ƙaramin jirgin fayiba da ke ɗaukar mutum huɗu ko biyar, ko wanda ke shirin nuna bajinta a Rigata, bikin wasan jirage na Yauri, wannan ba tasa ba ce. A jirgi mara nauyi za ta iya haura 5,500, wanda shi ma kashe inji ne ta ɗaya gefen. Irin wannan ya zauna a 13, wani ma har sama da haka. Akwai kuma mai taku 12 a tsakani, 11 3/8 x 12-G, ga wanda lodinsa yau da yawa gobe kaɗan. Masu manyan jiragen yashi da itace su kuma sukan sauka har 9. Na yi tunanin 9 ɗin, amma lissafi ya nuna da lodi za ta kai ni wajen 5,000, in babu kaya kuma ta tsallake iyaka, sai in riƙa tsaron hannuna. Yarona kuwa in na ba shi tuƙi, hannunsa bai san rabi ba.

Wasu sun tambaye ni me ya sa ban sayi ta ƙarfe mara tsatsa ba, tunda ta fi ƙarko. Gaskiya ne ta fi ƙarko, fikafikanta sun fi siranta, ba ta lanƙwashewa. A ruwa mai zurfi mai tsabta ita ce gaba. Amma tafkin Kainji daji ne da garuruwa ruwa ya rufe lokacin da aka gama madatsar a 1968, har da tsohuwar Bussa. Kututturan itatuwan suna nan a ƙasa, kuma idan ruwa ya ja baya daga bazara zuwa farkon damina, sai su matso kusa da sama inda ido ba ya gani. Ga duwatsu, ga yashin da ke sauya wuri kowace shekara. Idan alminiyom ta daki kututture, fiffike ne ke lanƙwashewa ko ya ɓalle. Idan ta ƙarfe ce, sau da yawa ita ta tsira, bugun ya wuce zuwa sanda da haƙoran giya. Na gwammace in yi asarar farfela da in yi asarar ƙafar inji, ga shi kuɗin ta ƙarfen ya ninka na alminiyom fiye da sau biyu.

Cikin ramin farfelar akwai roba da aka matse tsakanin haƙoran da gangar jikinta, aikinta ta sha bugu. A nan ma ake gane mai kyau. Wani abokin sana'ata ya ɗaura mara sunan nan, ba a jima ba muna tafe kusa da juna sai na ji injinsa ya yi ƙara sama, jirgi kuwa ya tsaya yana lilo. Ya zaci giya ce ta tafi. Robar ce ta saki: sanda na juyawa, fikafikai ba sa bi. A hankali, da ɗan totur kaɗan, ta kai shi gaɓa. Gane wannan ba wuya: ja layi da fenti ko ƙusa daga tsakiyar ramin zuwa gangar jiki, yi 'yar tafiya da wuta, ka duba. In layin ya rabu biyu, robar ta mutu. Na ja wa tawa irin wannan layin tun ranar farko, har yanzu a haɗe yake, duk da ta sha karo da abubuwan da ban gani ba. Kada dai a rikita wannan da kainuwa ko leda da ta naɗe ƙafar inji, ko farfela da ke shaƙar iska saboda an ɗaura injin ya yi sama da yawa. Duka ukun ƙara ɗaya suke sa inji. Farantin da ke saman farfela ya kamata ya yi daidai da gindin jirgi ko ya ɗan fi shi nitsewa, kuma in kaya suka taru a gaba, baya ya ɗaga, ko farfelar zinari ce sai ta sha iska a kwana.

Akwai abu guda da nake tsoro game da yabon da nake yi mata. Farfela mai ƙaramin taku tana ɓoye nauyi. Injin ba ya kuka, sai mutum ya ga kamar akwai sauran wuri, ya ƙara buhu biyar da mutum uku. Injin zai ja, amma katakon bai ƙara tsawo ba, bakin jirgi kuma ya ƙara kusantar ruwa. Mu nan ba sai an ba mu labari ba. Jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayun 2021 ɗauke yake da mutane fiye da 150, kaɗan ne suka fita, Allah ya jiƙansu da rahama. Ni na yi wa jirgina alama da jan fenti a gefe, in ruwa ya taɓa ta an rufe lodi, ko wane ne ya zo, ko da kawuna ne. Dokar NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, ta rigar kariya da hana tafiyar dare ma, farfela ba ta sauya komai a cikinta ba.

Yanzu fentin bakin fikafikan ya goge saboda yashi, alminiyom ya fito fili, ɗaya kuma ya samu 'yar tsaga a baki wadda ba ta kai faɗin farce ba. Na bi ta da fayil a hankali daga baya, na daidaita, ban ci da yawa ba don kada ya fi sauran sauƙi. Masu walda a gari suna cika fiffiken da ya ɓalle, kuma aikinsu yana iya kai mutum gida ko ya riƙe shi mako guda kafin sabuwa ta iso. Amma ba su da ma'aunin da za su mayar da taku daidai, da ido suke yi, sai ka samu fiffike ɗaya 11, ɗaya 12, na ukun Allah kaɗai ya sani. Wadda aka yi wa walda wurinta ƙarƙashin benci ne a matsayin ta ko-ta-kwana, tare da noti, da wosha, da fin biyu, da sifana, a ɗaure cikin leda, a kuma ɗaure sifanar da igiya, don canjin farfela a tsakiyar ruwa hannu a jiƙe ake yinsa.